Ranar da Adda Ta Ɗago Kai

Ni ɗan fari ne, uwata kuma Bafulatana ce ta gaske. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake, ba ta kallon fuskata. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa Batsari, can na yi makaranta, ita kuwa tana ruga a wajen Ruma. Ko Inna ban taɓa ce mata ba, Adda nake kiranta yadda ƙannenta ke yi. In na je gaishe ta na durƙusa, sai ta amsa wa ƙwaryar da take wankewa. Na san gefen fuskarta sarai, na san kunnenta da zanen da ke kuncinta. Idonta ne ban sani ba, har na yi gemu. Ban taɓa jin haushinta ba, amma ina so ta kalle ni ko sau ɗaya, kuma wannan ba maganar da namiji zai yi wa kowa ba ce.

Da na gama karatu na sami aiki a wani kamfani da ke yi wa hukumomin gwamnati aikin kwamfuta. Mu ne masu yawo da na'ura ƙauye-ƙauye, muna ɗaukar hoton mutane da zanen yatsunsu don katin shaida. Kafin a sake mu, an kai mu horo birni, aka shigar da mu ɗakin da ake ajiye duk abin da muka ɗauko. Ana tsakiyar bazara, amma haƙorana sai da suka kaɗa don sanyin ɗakin. Dogayen akwatuna ne baƙaƙe a jere, ƙananan fitilu suna ta ƙiftawa, ga wani ƙugi marar yankewa irin na zuma a cikin amya. Mai koyar da mu ya ce duk fuskar da muka ɗauka nan za ta zo ta zauna, kuma ba ta tsufa.

Maganar nan ta bi ni. A kan babur, tsakanin Wagini da Darini, sai in riƙa ganin ɗakin a raina. Ga manoman wake, ga masu jakuna, ga matan da ke tallar nono, duk suna zaune cikin sanyi, ba ƙishirwa, ba gudun tsira cikin daji, kowa ya zuba ido gabansa. Wani lokaci har in wuce mararrabar da zan karya ban sani ba.

Shekarar da zaman wajen Ruma ya gagara, su Adda suka taso da ragowar shanu suka sauka gefen Safana. Sai kuma aka ce duk wanda ba shi da lambar shaida za a rufe masa layin waya. Ita kuwa da wayar nan kaɗai take jin muryar ƙanwata da ke aure can bayan daji.

Wata ranar kasuwa muka kafa tebur a farfajiyar firamare, ƙarƙashin itacen bedi, muka rataya farin ƙyallen da ake zama a gabansa a ɗauki hoto. Ina cikin aiki na hango ta a layi. Ita ma ta hango ni, ta yi kamar ta juya, matan da ke bayanta suka turo ta gaba. Na'urar ba ta buɗewa sai da babban yatsana, kuma ɗakin sanyi na sane da wanda ya ɗauki kowane hoto, don haka ba halin in ba wani kujerata. Kyamarar kuma a saman kwamfuta take, daidai goshina. Wanda ya kalle ta, ni ya kalla.

Adda ta zauna, kanta a ƙasa. Kwamfuta ta zagaye fuskarta da jan layi, alamar ba za ta ɗauka ba.

Abokiyar aikina, wata Bakatsiniya mai surutun tsiya, ita ke ɗaukar yatsu. Ta ce, "Inna, ɗago kai ki dubi nan."

Adda ta ɗago, ta dubi ganyen bedi. Layin yana nan ja.

"Ba sama ba, Inna, wurin saurayin nan. Tsoronshi kike? Ai bai cizo."

Wata tsohuwa a layi ta ce, "Ke ɗiyar birni, ɗanta na fari ne fa!"

Dariya ta tashi. Abokiyar aikina ta kama baki. Na ce a hankali, "Adda, in ba ki duba ba, ba ya ɗauka." Allah ya sani, ba layin waya nake roƙa wa ba.

Ta gyara mayafinta. Ta daɗe tana gyara shi. Sannan ta ɗago.

Ashe idanunta ba baƙaƙe ba ne. Kalar shayi ne marar madara, da ɗan farin zobe na tsufa a gefe. Layin ya koma kore. Hayaniyar kasuwa ta yi nisa, kukan jaki ma kamar daga wani gari yake zuwa. Ya kamata in danna nan take, amma yatsana ya tsaya a kan madannin, ita kuma ba ta kau da kai ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Da na danna, hoton ya ɗan tsaya a allon, sannan ya tafi ɗakin sanyi, don na'urarmu ba ta riƙe komai.

Ta miƙa yatsunta aka ɗauka, ta tashi, ta ba ni baya. Har ta fara tafiya sai ta tsaya kusa da abokiyar aikina.

"Ɗiyata, ki ce ma mai injin nan ya riƙa cin abinci. Duk idanunshi sun faɗa."

Na daɗe ina goge gilashin kyamara kafin in iya kiran na gaba.