Malam Badaru da Gashin Zabonsa

Idan aka idar da sallar asuba a Dutsin-Ma, kafin masu ƙosai su gama hura wuta, Malam Badaru ya riga ya isa gindin darbejiyarsa a bakin hanyar Katsina. Ba ya fara taɓa sifana. Sai ya zuba ruwa a tsohon gwangwanin madara, ya kaɗa sabulu har kumfa ta taso, ya zaro gashin zabo guda daga aljihu ya ɗora a bakin gwangwanin. Sannan ya zauna a benci yana kallon hanya, kamar mai jiran baƙin da ya san suna tafe. Sana'arsa gyaran esin mota, na'urar nan mai busa sanyi. Muna yara, in mun wuce za mu Islamiyya, mun ɗauka sanyin yana kwance ne cikin koriyar tukunyar gas ɗinsa, wai da duku-duku yake zuwa dam ɗin Zobe ya ɗebo shi daga saman ruwa.

Bana ya ce gwiwoyinsa sun gaji da durƙuso, zai koma gonarsa a Dabawa. Ban taɓa rubuta abin da mutane za su karanta ba, in na yi tuntuɓe a yi mini afuwa. Amma bai kamata ya tashi daga gindin bishiyar nan shiru ba.

Direbobin tashar Kurfi sun san halinsa. In ka kawo mota, sai ya ce ka tayar, ya kara bayan hannunsa a bakin iska, ya lumshe ido yana sauraron ƙarar kwamfireso, ɗan injin da ke tura gas ɗin esi, kai ka ce wani ne ke masa magana daga nesa. Dalhatu direba ya ce ya sha yin fushi ya tafi, don Malam ba ya ɗura gas sai ya gano inda na baya ya bi ya fice. Kuma kowa sai ya sha huɗubarsa: ko a tsakiyar sanyi, ka kunna esi ranar Juma'a kan hanyar masallaci, don kada zobban roba su bushe su tsage.

Kai ne mai jiran kumfa, Malam. Kai ne wanda sauri bai taɓa ruɗa ba.

Abin da na gani da idona ya faru ne a bazarar bara. Kakata, Hajiya Rekiya ta Birchi, ciwon ƙoda ya sa ana kai ta Katsina wankin jini. Motar kawuna Mas'ud ce ke kai ta. An ɗura wa motar gas a wurare biyu, sai ta yi sanyi na 'yan kwanaki ta koma busa wuta. Hajiya takan isa asibiti a jiƙe, ta dawo a galabaice, rannan kuwa ta ce ta gama. Ta ƙi zuwa wanki na gaba, ƙafafunta suka kumbura. Da ƙyar ta yarda ta bi Kawu wurin Malam Badaru, bisa sharaɗin ita za ta gwada sanyin da jikinta. In bai yi mata ba, a maida ta Birchi.

Malam ya shimfiɗa mata tabarma a inuwa.

"Kai ne mai sanyin?" in ji Hajiya. "To ka yi hanƙuri, na ga biyu kafin kai. Sanyinsu bai kai na randata ba."

"Ai randa ba ta da abokin gasa, Hajiya," ya ce. "Ni ma ba sanyi nike sawa ba. Zafi nike cirewa, in ya fita sai sanyi ya samu wurin zama."

"Ka fara da na kan ɗan nan. Tun safe yake huci."

Kawu Mas'ud ya duba rana, ya matso. "Baba Badaru, don Allah a ɗura gas kawai mu kama hanya. Yau ne ranarta."

"In na ɗura, yau za ta je. Mako mai zuwa fa?"

Kawu ya ja da baya. Malam ya buɗe gaban mota, ya leƙa ragar ƙarfen da ke gaban lagireto, ya yi murmushi. "Da motar nan ka kwaso gero da kaka." Ƙaiƙayi ya toshe ragar har iska ba ta ratsawa. Ya wanke ta tas. Sannan ya saka gas kaɗan, ya tsoma gashin zabo a kumfa, ya shiga shafa bututu gaɓa-gaɓa, a hankali, kamar mai saka wa amarya lalle. Rana ta ɗaga. Furen darbejiya na faɗowa kan hularsa bai sani ba. Ya shafa, ya jira. Ya matsa gaba, ya jira. Hajiya ta fara naɗe gyalenta, alamar ta ƙosa.

Can ƙasa, inda bututu ya haɗu da kwamfireso, sai kumfar ta kumbura, ta yi ƙwai ɗaya mai sheƙi, ya fashe, wani ya taso.

"Hajiya, taso ki ga ɓarawon."

Ta dogara da kafaɗata ta leƙa. Zoben roba ne, bai kai zoben yatsa ba, ya bushe ya tsage.

"Wannan ɗan mitsitsin ne zai kashe ni?"

"Ba da ni ba," in ji Malam.

Ya canza zoben, ya zuƙe iskar da ke cikin bututun, ya ɗura gas yana kallon geji. Hajiya ta shiga baya, aka rufe gilasai. Malam ya tsaya a waje, hannu a aljihu, yana kallonta ta gilashi. Ta daɗe ba ta motsa ba. Sai ta sauke gilashin kaɗan, ta juyo gare ni.

"Hamdiyya, miƙo mani gyalena. Mutumin nan zai sa mani mura." Ta dubi Kawu. "Kai kuma mi kake jira? Katsina za ta taso ta same mu?"

Kafin mu kai Kurfi ta yi barci, irin wanda ta daɗe ba ta yi ba. Gonaki na wucewa fari fat da rana, mu kuwa kamar muna cikin ruwa. Da ta farka ta ce ta yi mafarkin tana yarinya, tana wanka a rafi bayan ruwan farko.

Har yau tana zuwa wankinta, Malam, kuma duk Juma'a ita ke tuna wa Kawu ya kunna esi. Mun gode. Allah ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya mana, ya sa gonar Dabawa ta karɓe ka da albarka. Masu sana'a da ke tasowa, ku je ku zauna da shi kafin ya naɗe tabarma, ku koyi neman inda abu ke yoyo kafin ku cika shi.

Jiya Hajiya ta aika masa da zabuwa mai rai. Ta ce kada ya yanka, ko a Dabawa ba a rasa mota mai zafi.