Dutsen da Ya Ƙi Fitowa a Hoto

Duk layin shagunan nan Mai Fasfo ake ce masa, har matarsa idan ta yi fushi. Tun gashinsa na baƙi yake cikin shagon ɗaukar hoton nan mai kujera ɗaya da farin ƙyalle a bango. "Ɗago haɓa. Kada ka ƙifta." Da wannan ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya. Ƙa'idarsa ɗaya ce: fuska ta fito tas, abin da ke bayanta ya yi fari fat. Yatsansa ya saba da ƙara haske har ba ya shawara da shi.

Kwatsam sai aka tare kogi, aka ce ruwa zai shanye kwarin da iyayensa suka yi zama. Inna, mahaifiyarsa, ƙafa ta daɗe da ƙi, daga gado sai tabarma. Ta kira shi ta ce, "Kai da kake ɗaukar kowa, je ka ɗauko mini dutsen nan da bishiyar da ke gindinsa. Nan babanka yake kwance. In gan shi kafin ruwa ya rufe."

Ya ce wannan ai mai sauƙi ne, dutse ba ya ƙifta ido. Ya je da rana tsaka, ya ɗauka, ya dawo yana hura hanci.

Inna ta kai hoton kusa da ido, ta juya shi, ta sake juyawa. "Ina dutsen? Ɗan nan, fasfo ka yi wa gona?"

Wallahi gaskiyarta. Sama ta yi fari kamar ƙyallen shago, dutsen ya narke a ciki, bishiyar ta zama toka-toka. Kunya ta kama shi, ya rasa inda zai sa kansa.

Ya kai wa mai wanke masa hotuna, tsohon abokinsa, mutumin da ba ya tauna magana. Wannan ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya jawo masa kujera.

"Inda ka tsaya ya yi, ban da abin cewa. Amma mutumina, sama ba ƙyalle ba ce. Ka saki haske ya ƙone komai, abin da ya ƙone kuwa ko ni ba na iya dawo da shi. Ka auna haske daga gajimare, ka tsuke idon kyamara, ka bari rana ta yi sanyi. In ya yi duhu kaɗan bar ni da shi, duhu yana da magani."

"Ni za ka koya wa hoto?"

"Fuska ka iya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ya haɗiye maganar, ya koma kwarin. Da ya isa, ruwa ya riga ya cinye hanya, sai da ya naɗe wando. Ya kafa kyamara a kan tudu ya jira yamma. Yatsan nan ya zarce zai ƙara haske, ya make shi da ɗaya hannun. Ya rage, ya ɗauka, ya ƙara ragewa. Abin ya yi masa duhu a ido, amma ya daure.

Da abokin ya wanke, sai ga gajimare da nauyinsu, ga tsagar dutse, ga bishiya har ganyenta. Bai yarda ya yi murna ba sai da ya kai wa mai abin.

Inna ta bi bayan dutsen da yatsa, ta gangaro, ta tsaya a gindin bishiyar.

"Yauwa. Ga shi nan. Rataye mini inda zan gani daga kwance."

Mai Fasfo ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna daɓas a bakin gado.

Ba a jima ba ruwa ya haye rassan bishiyar. Ba wanda ya gaya mata, ita ma ba ta tambaya ba. Kullum da safe dai takan dubi hoton a bango ta ce wa maigidanta, "Malam, an tashi lafiya?"