Inna Dela da Jajayen Kifayenta

Inna Dela ta Lakwaya ta yi shekara arba'in tana sana'ar daddawa, ba a taɓa cin kasuwar Gwarzo babu kwandonta ba. Da gwiwa ta matsa mata, 'ya'yanta suka hana ta zirga-zirga. Zaman gida ya gundure ta. Ganin haka ne autarta Jannat, mai aikin jinya a Kano, ta zo mata da tsaraba wata Juma'a: jajayen kifaye biyu na ado, cikin ɗan kwanon gilashi mai ƙaramin baki, da furen roba a tsakiya.

"Inna, ba na miya ba ne fa, na kallo ne," in ji Jannat tana dariya. "Mai sayarwa ya ce kullum a zubar da ruwan a sa sabo."

Kwana uku Dela tana bin wannan magana. Ran na huɗu da hantsi ta tarar da ɗaya ya taso yana ta buɗe baki a saman ruwa, ɗayan ya lafe a ƙasa. Ita kuwa 'yar masunci ce, mahaifinta Hammadu sana'ar su ya yi har tsufansa. Tun tana yarinya ta san in kifi ya taso yana hamma, iska ce ta ƙaranta a ruwan.

Ta kira Jannat a waya. "Mutumin nan naku sayar da kifi ya iya, riƙonsa bai iya ba. Ki samo mini kwano mai faɗin baki, babba."

Kafin kwanon ya iso ta juye su a bahon roba. Ta dogara sanda ta gangara rafi, ta ɗebo yashi da 'yan duwatsu, ta tsinko kainuwa da wata ciyawar ruwa mai siraran ganye. Ba ta zuba su nan take ba. Ta wanke yashin har ruwan ya fita garau, tsirran kuma ta bar su mako guda a bokiti, tana tsince matsattsaku da ƙwari. Da sabon kwanon ya iso ta shimfiɗa yashin a ciki, ta dasa ciyawar, ta danne saiwarta da dutse, ta saki kainuwa biyu kacal don kada su rufe fuskar ruwa, sannan ta mayar da kifayen ciki.

Ta kafa dokarta. Ruwan da za a ƙara sai ya kwana a randa. Kashi ɗaya cikin uku na ruwan kwanon take kwashewa, sau biyu a mako. Abinci abin da yatsu biyu suka ɗauka, sau ɗaya da safe. Wurin kwanon gefen taga ne, inda haske yake shiga amma rana ba ta dukansa. Da zafin bazara ya tsananta, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Kifayen suka murmure, jansu ya fito. Sukan cinye mata ciyawar, ta sake dasa wata.

Labari ya kai kunnen Musbahu, mai shagon magani a Gwarzo, wanda kifayensa suke ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya hau babur ya zo har gida. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Inna, wane magani kike sa musu?"

"Guda nawa ne a kwanonka?"

"Shida ne da. Saura uku."

"Sau nawa kake ba su abinci?"

"Duk sanda na ga suna buɗe baki."

Dela ta girgiza kai. "Ɗana, ba yunwa suke ji ba, numfashi suke nema. Ka cunkushe su, ka ɗura musu abinci yana ruɓewa a ƙasa. Ba magani za ka nema ba. Raba su."

Ta ba shi ciyawa da kainuwa a leda. Bayan wata biyu ya dawo ya shaida mata ukun suna nan kalau.

A shekara ta biyu kifayen Dela suka kai tsawon tafin hannu, juyawa ma da ƙyar. Ba ta yi wata-wata ba, ta sa magini ya gina mata kwarami na siminti mai riƙe ruwa a inuwar dalbejiyar tsakar gida, ta mayar da su can tare da tsirransu. Damina na sauka ta hangi 'yan mitsi-mitsin kifaye baƙaƙe a cikin saiwar kainuwa. Ta kwashe su da ludayi zuwa tsohon kwanon, don ta san iyayen ba za su bar su ba. Tara suka rayu, kuma matan unguwa sun riga sun kama layi, kowacce tana son a ba ta nata.