Matan Ruga a Ƙofar Mai Gari

Mun tashi daga Gumel ana idar da sallar asuba, mu uku mata da direbanmu. Aikinmu zagaya ƙauyuka muna wayar wa mata kai game da haƙƙinsu, amma wannan karon kiranmu aka yi. Matan wata ruga da ke bayan Ɗanzomo ne suka aiko cewa an fasa wa wata 'yarsu kai a wurin famfo, samarinsu kuma sun fara maganar ramuwa.

Sai da muka biya ta Maigatari muka ɗauki wata 'yar'uwa mai jin Fulatanci. Manyan motoci sun cika titi, 'yan acaɓa na kutsawa ta ko'ina. Muka sayi ƙosai, wanda tsada ta ƙanƙantar da shi har direba ya ce a ba shi ruwa ya haɗiye kamar ƙwayar magani. Daga nan ba mu ƙara dariya ba.

Da muka bar kwalta, yashi ya riƙe motar, sai da muka sauka muka tura. Muna isa muka tarar da famfon ɗaure da sarƙa. Samarin gari a gefe guda, na ruga a gefe guda, kowa da sanda.

Matan rugar suka ce an haƙa famfon don kowa ne, amma masu kula da shi duk mazan gari ne. Su sai kowa ya gama ɗiba, wani lokacin ma a kulle a gabansu. Suka roƙe mu mu je mu yi musu magana wajen mai gari. Na ce za mu raka su, amma da bakinsu za su faɗa. Sai kakar yarinyar da aka fasa wa kai ta miƙe ta gyara mayafi.

A ƙofar mai gari wani ya ce, "Yau kuma mata ne a fada?" Tsohuwar ta durƙusa, ta ce:

"Ranka ya daɗe, a ƙasar nan aka binne cibiyata. Mu muke ɗibar ruwan nan, jikata ta zubar da jini a kansa. A sa mu cikin masu kula da shi."

Wuri ya kaure. Wani saurayi ya matso da sandarsa, na ga direba ya juya kan mota. Sai muka ji muryar wata matar gari daga bayan zana: "Gaskiya ta faɗa! Mu ma ba a taɓa tambayarmu ba."

Daga bisani mai gari ya ce a kwance sarƙar, uban yaron garin da ya yi dukan ya yi jinyar yarinyar, a kuma ƙara mata biyu cikin masu kula da famfo, ɗaya daga ruga, ɗaya daga gari. Wasu maza suka tashi suka tafi ba sallama.

Mun dawo ta Sule Tankarkar bayan la'asar, jiki duk ya mutu. Ban san ko hukuncin zai ɗore ba. Abin da na sani shi ne, da ni na yi maganar, da an ce baƙuwa ce, gobe za ta tafi. Ita kuwa tsohuwar nan, gobe tana wurin.