Tankin Shayin Audi

Audi mai shayi a tashar Daudawa yake tun kafin a zuba kwalta, shi da ƙanensa Harisu, teburinsu na kallon juna. Mutum ne mai hannun kyauta, amma akwai shi da son a gani.

Shekarar Udoji, da aka ƙara wa ma'aikata albashi kowa ya haukace da sayen sabon abu, Audi ya dawo daga Kaduna da tankin dafa ruwa na farin ƙarfe, har da famfo. Mai kantin ya rantse masa cewa ba ya tsatsa, jikokinsa ma za su gada. Bai ƙara masa ko kalma ɗaya kan yadda ake kula da shi ba, kuma wannan shirun nasa har yau yana ƙona mini rai, ni da na sha zama a bencin Audi.

Matar Audi, Barakatu, ta riƙe tankin yadda uwarta ta koya mata riƙon tasa: kullum sai ta dirje shi da gishiri da tsamiya. Shi kuwa Audi ruwan rijiyar tasha yake ɗurawa, mai zartsi, ya wuni kan wuta, in ya ragu ya ƙara.

Ana cikin haka sai ruwa ya fara tsattsafowa ta gindin famfon. Tsaga ce siririya kamar gashi, ta yi rassa, ga ƙarfe fes babu ɗigon tsatsa. Nan 'yan zaman benci suka samu abin yi. Ƙarfen Bature ya tsage haka kawai? Ai hannu ne! Wa ke baƙin ciki in ba mai teburin da ke kallonsa ba?

Audi ya hau ya zauna. A gaban jama'a ya kira Harisu mai sammu, yaron da ya goya a bayansa. Harisu ya tashi. Ya ɗaure kayansa ya koma Sabuwa.

Sai da Audi ya kai tankin Funtuwa, wani mai walda ya duba ya ce, "Malam, mi kake zuba mashi? Irin wanga ƙarfe, gishiri da zafi ka cin shi ta ciki, daga bakin walda yake farawa."

Audi ya gane babu hannun kowa, ya bi motar Sabuwa, ya iske ƙanensa yana firfita wuta. Ya zauna kan benci. Harisu ya ɗauraye kofi, ya dube shi.

"Malam, da madara ko babu?"