MiFi ɗina ta ƙi buɗe mana takin kyauta

Jama'a, yau ƙanwata Hauwa ta cece mu, tana Kano muna bakin kanal ɗin ban-ruwa a Bunkure!

Kun san ƴar MiFi ɗina, na'urar intanet da kowa ke jona wayarsa in muna jiran layin ruwa. Zuwan Hauwa gida ta sa mata DNS mai tacewa, ta ce, "Yaya, duk shafin ƴan damfara wannan ba zai bari ya buɗe ba." Ni ko a jikina.

Yau sai ga link yana yawo, wai rajistar takin kyauta! Muka danna, ya ƙi. Muka sake, ya ƙi! Malam Sani, maƙwabcina a gona, ya fusata: "Ƙanwarka ta lalata maka na'ura!" Ya kunna datarsa, ya cike komai, har lambar da aka turo masa.

Muna cikin dashen shinkafa wayata ta yi ƙara. Saƙo daga Malam Sani: "Na karɓi nawa, ku yi maza!"

Na ɗago. Ga Malam Sani a gabana, hannu biyu cikin laka!

Ashe da lambar nan aka sace masa WhatsApp, kada kowa ya danna link ɗin da ke saƙonsa. Yanzu sai bina yake: "Don Allah, yaushe Hauwa za ta dawo?"