Ruwan Injin Baba Ari

Wata Laraba cikin watan Janairu, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare a Gangara, malaminmu Mushe Idi ya shigo aji da ma'aunin zafi da kwano biyu na ruwa. Ɗaya na rijiya ne. Ɗayan kuwa tun daga ƙofa na gane shi da ɗan warin gazuwal, man injin niƙa.

A lokacin Inna ta haifi ƙanena, tana wankan jego safe da yamma. Itacen jego a kan uba yake, namu kuwa ya tafi Libiya tun bayan girbi, shiru kake ji. A yankinmu na Damargu itace ba abin wasa ba ne. Karan hatsi da kashin shanun da ni da yayata muke tsintowa da ƙyar suke dafa tuwo, balle su tafasa tukunyar wanka. Baba Ari mai injin niƙa, wanda katanga ɗaya ta raba mu da shi, ya lura da halin da muke ciki. Ya naɗe siririn bututun jan ƙarfe a wuyan salansar injin, ya haɗa shi da tsohuwar gangar gazuwal cike da ruwa. Idan injin ya ɗauki zafi, ruwa ya shiga bututun da sanyinsa, ya fito yana tururi. Mu kuma mu miƙa bokiti ta kan katanga, ba wanda ya sani. Inna takan ce, "Rufin asiri ya fi ƙoshi."

Ashe Mushe ya kai niƙa ya ga dabarar, ya ga ana miƙo mana ruwan, abin ya burge shi. Ya tsoma ma'aunin a kwanonin, ya zana injin a allo. Ya ce man da injin ke sha kaɗan ne ke juya haƙoran niƙa, mafi yawansa zafi yake zama ya bi hayaƙi. "Zafi ba ya mutuwa, wuri yake sakewa," in ji shi. Sai ya nuna ni. "Hadiza, tashi ki gaya musu. Ba da wannan ruwan innarki ke wankan jego ba?"

Shi yabo yake nufi. Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa na tsaya ina kallon yatsun ƙafata. Kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya. A wajen carafke aka daina kirana Hadiza, sai "'yar salansa". Daga ranar Inna ta hana mu miƙa bokiti. Da ruwa mai ɗumi-ɗumi ta ƙarasa arba'in ɗinta, ta yi ta tari har bazara. Mushe ya zo da damin itace yana ba da haƙuri, ta amsa gaisuwarsa daga cikin ɗaki, ba ta fito ba.

Yau a tashar lantarki nake aiki, ina lissafin zafin da manyan injuna ke zubarwa a iska da yadda za a tare shi. Bara da na je gida, na tarar da mata sun yi layi a bayan injin ɗan Baba Ari da rana tsaka, suna ɗibar ruwan zafi suna raha, har da matar limamin unguwa. Inna ba ta kai ga ganin haka ba, ta riga mu gidan gaskiya. Da ma ta gani.